Mai raunin da ba shi da sarki

A ƙasar Hausa, tun kafin zuwan Nasara, naƙasa tana da sarautarta. Akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu, akwai sarkin kutare, kowane da fadawansa, da ranar zagayensa, da irin gaisuwar da ake yi masa. Ɗan boko yakan yatsine fuska in aka ambaci wannan tsari, don a ganinsa bara ce kawai aka naɗa wa rawani. Akwai ƙamshin gaskiya cikin zancensa, sai dai ya manta da sauran. Makahon da ya sauka baƙo a Tawa ko Illela ya san ƙofar da zai yi sallama. In rigima ta haɗa shi da wani akwai mai raba su, in zai yi aure akwai mai tsaya masa, ran da ya cika kuma akwai masu kai shi makwancinsa. Tsarin dai ya dogara ne bisa abin da ido ke iya shaidawa. Sandar makaho da rarrafen gurgu su ne takardar shaidarsu, ba sa bukatar wata.

Akwai wani mai rauni da wannan tsari bai tanadar wa rawani ba. Shi ne wanda kansa ya bugu, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ya kwanta tsakanin rai da mutuwa, sa'an nan ya tashi da ƙafafunsa biyu da idanunsa biyu, aka yi ta yi wa danginsa barka. Tabon ɗinkin gashi ya rufe shi, in ma bai rufe ba hula ta rufe. Abin da ya rage a ɓoye yake, kuma mutanen gidansa kaɗai suka san nauyinsa.

Hanyoyin samun wannan rauni a Adar ba su da wuyar lissafawa. Da can faɗuwa ce daga raƙumi ko daga bisa icce, harbin doki ko jaki, kifewar amalanke, ruftawar rijiya a kan mai gina ta, ko sandar faɗa lokacin da gona da garke suka haɗu. Duk suna nan, an ma ƙara da ramukan zinari na Jado da Cibarkatan, inda samarin jahar suka yi ta kwarara tun daga 2014. Amma babban mai kawo shi a yau babur ne. Babura masu arha sun cika ƙasar cikin shekarun 2000, har ya zamana wanda ya dawo daga bida, ko daga Abijan ko daga Libiya, abu na farko da yake saye bayan tufafin iyali shi ne babur na kabu-kabu. Shi ke kai mai naƙuda gidan likita, shi ke kai buhun albasa da tunkiya kasuwa, bisa hanyoyin jar ƙasa masu tsakuwa da suka ratsa duwatsun Keita da Buza, da kuma hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar yuraniyom. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ke kan gaba, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Matattu ake ƙirgawa. Waɗanda suka rayu da tabo a ƙwaƙwalwa sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

In haɗarin ya auku a wani ƙauye na arewacin Tawa, tafiyar da ke gaba sananniya ce: ƙaramin gidan likita na karkara, daga nan babbar likita ta jaha, in kuma jini ya taru cikin ƙoƙon kai har ana bukatar mai fiɗar ƙwaƙwalwa, galibi sai an nufi Yamai, kilomita wajen 550 ta Tsarnawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Ma'aikatan lafiya suna da ma'aunin da wasu likitoci biyu na birnin Gilasgo suka fito da shi a 1974, wanda ke duba buɗe ido da magana da motsi, ya ba da maki daga 3 zuwa 15. Ma'auni ne mai amfani ƙwarai a daren farko. Ba ya faɗin ko wane irin mutum ne zai koma gida. Ran sallama, abin da dangi ke tafiya da shi takardar magani ce, da bashi, da kalma guda: ya warke.

A wani ƙauye da ke tsakanin Tawa da Barmu akwai gidan da aka kai wa wannan kalma. Maigidan bai kai shekara 35 ba. Ya yi rani shida yana tura baro a Abijan kafin ya sayi babur, kuma an san shi da sanyin hali, mutum ne da ko ɗan farinsa ba ya kira da suna, in ya hangi surukinsa tafe sai ya sake hanya. Ran wata kasuwa ya kauce wa akuya, tsakuwa ta kwashe shi, kansa ya sami dutse. Ya yi kwana tara bai san inda yake ba. Bayan wata guda aka dawo da shi, aka dafa sadaka, mata suka yi guɗa.

Matarsa ce ta fara gane cewa da sauran magana. Ya sha hura, bayan ɗan lokaci ya tambayi dalilin da ya sa aka hana shi kalaci. Ƙarar turmi tana sa shi toshe kunne, kukan jariri yana tayar masa da fushin da ba a san shi da shi ba, har wata rana ya jefi ɗansa da akushi, kafin la'asar kuma ya manta, yana kiran yaron ya zo su yi wasa. In ya fita da garma sai ya yi kunya biyu ya zauna, gajiya ta rufe shi kamar wanda ya yini yana noma. Abin da ya fi ƙona mata rai ya faru ne a wani taron suna, inda ya zauna tabarma ɗaya da surukinsa, ya kira shi da sunan yanka, ya kuma yi wata maganar da ko samari ba sa yi gaban manya. Da dare ta sami uwar mijin a ɗakinta.

"Inna, jikin nashi na," in ji ta, "amma mutumen da sunka maido mini wani na."

Tsohuwar ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce: "Hanƙuri za ki yi, ɗiyata. Ni da na haihe shi ma, sai na dube shi sau biyu."

Abin da suka gani yana da bayani. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne mai riƙe da linzami: shi ke tsara aiki daki-daki, shi ke hana baki faɗin duk abin da ya zo zuciya, shi ke auna wa ke zaune kafin a yi magana. Kuma shi ne ya fi saurin buguwa in mutum ya faɗi da gudu, domin ƙwaƙwalwa takan daki ƙashin da ke gabanta daga ciki. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya buga wani ɗan littafi kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, ya jera halaye irin su haƙuri da hankali da kunya da ladabi. Wanda ya dubi jerin zai ga cewa kusan rabinsa a bayan goshi yake zaune. Saboda haka raunin nan, a ƙasar da ake auna mutum da kunyarsa, yana cin abin da ya fi hannu da ƙafa tsada. Gurgu yana nan da mutuncinsa. Wanda linzaminsa ya tsinke kuwa, sai a ce ya lalace, ko an ce girman kai ya shige shi, ko a fara raɗa cewa ƙwaya yake sha.

Littattafan likitanci suna yawan ba da labarin Phineas Gage, shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, wanda a 1848 wani ƙarfe mai tsawon fiye da mita guda ya shiga ta kumatunsa na hagu ya fita ta tsakar kansa. Ya rayu, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya juye har abokansa ba su gane shi ba. Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa. Ragowar ta fi amfani ga mutanen Adar: Gage ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a ƙasar Cile kafin farfaɗiya ta kashe shi a 1860, kuma masu binciken tarihinsa suna ganin aikin nan mai tsari ɗaya kullum, tashi da asuba, ɗaure dawaki, bin hanya guda, shi ya maido masa da wani abu na natsuwa.

Gidan da ake magana ba su san Gage ba. Sun nemi bayani inda aka saba nemansa. Wasu suka ce sammu ne na masu baƙin cikin babur, wasu suka ce iska ce ta wurin da ya faɗi, tun da kowa ya san dutse da kwazazzabo ba su rasa masu su. Adar ƙasar bori ce tun fil azal, kuma Nicole Échard, wadda ta yi shekaru tana bincike a cikinta, ta buga littafi sukutum a 1989 kan iskokin Adar da Kurfai. Aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya, aka yi turare, wata gwaggo ma ta kai rigarsa wajen ƴan bori a ɓoye. Ba daidai ba ne a yi wa wannan dariya. Bayanin iska ya yi wa mutumin wani alheri guda, wato ya ɗauke laifin daga kansa, har surukinsa ya sami hanyar yafe masa ba tare da ya zubar da girmansa ba. Ɓarnarsa ita ce ya cinye tumaki uku da ya kamata su tafi wajen magani, ya kuma sa aka yi ta jiran ranar da abin zai fita gaba ɗaya, ranar da ba ta zo ba. A wasu gidajen jiran nan da mari yake ƙarewa, a ƙafar mutumin da abin da yake bukata shi ne inuwa da shiru.

Abin mamaki, malaman zaure suna da ilimin wannan rauni cikin littafin da suke karantarwa kullum. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda babu garin Adar da ba a karanta ta, ta rarrabe raunukan kai da sunayensu: wanda ya bayyana ƙashi diyyarsa raƙuma 5, wanda ya farfasa ƙashin ya gusar da shi raƙuma 15, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya. Gushewar hankali kuwa diyya ce cikakkiya, daidai da ta rai. Ma'ana, fiƙihu ya san tun fiye da shekara dubu cewa duka a kai yana iya tafiya da hankali, ya kuma san cewa wanda hankalinsa ya raunana ba a kama shi da abin da ake kama mai lafiya. Limamin da zai faɗi wannan ran Juma'a, da Hausar da kowa ke ji, zai sauke wa gidaje da yawa kayan da majo ba shi da ikon saukewa.

To, me ya riƙe gidan? Abubuwa ne da babu wanda aka kafa domin masu raunin ƙwaƙwalwa. Matar tana cikin asusun mata irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991 ya kuma bazu har wajen Nijar. Daga akwatinsu ta ranci jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma su ne suka ɗaga mata ƙafa sau biyu da biya ya gagara. Ƴan garin da ke Abijan, waɗanda dama suna da asusun kai gawa da jinya, suka aiko da abin da ya biya rabin bashin. Samarin fadarsa suka yi masa gayya damina biyu. A ta uku ba su zo ba, kuma ba za a zarge su ba, gayya an yi ta ne domin ciwon da ke da ranar warkewa.

Wanda ya fi kowa dabara kawunsa ne, wani tsohon maɗinki da bai taɓa shiga lakwal ba. Ya lura cewa in an ba mutumin saƙo uku sai ya zubar da duka, in an ba shi ɗaya sai ya kai. Sai ya zaunar da shi a rumfarsa, can ciki inda babu hayaniya, ya ba shi aikin sa maɓalli, shi kaɗai, daga hantsi zuwa azahar. Kiran salla ya zama agogonsa. In tsohon ya ga jijiyar goshinsa ta tashi, ba ya yi masa gardama, sai ya ce: "Tashi ɗana, ɗebo muna ruwa," kafin ya dawo fushin ya wuce. Bayan shekara aka ƙara masa da guga. Abin da tsohon ya gano da basirarsa shi ne ainihin abin da masana gyaran ƙwaƙwalwa ke koyarwa: aiki ɗaya a lokaci ɗaya, tsari maras sauyawa, hutu kafin gajiya, da kauce wa abin da ke tayar da fushi maimakon yin faɗa da shi. Sauƙi yana samuwa, musamman cikin shekara biyu na farko, amma a hankali yake zuwa, kuma ba kasafai yake cika ba.

Ita matar babu wanda ya tsara mata kome. Danginta sun ce ta nemi saki tun da ƙuruciyarta, dangin miji suna kallon duk fitarta kasuwa da ido guda, ita kuwa ga ta da miji, ga ta kamar gwauruwa, tana ciyar da mutum biyar tana kuma karɓar izinin fita daga wanda take tuna wa sunan ranar. Mai takaba tana da kwanakinta, ana zuwa yi mata gaisuwa. Wannan irin rashi ba shi da suna balle gaisuwa.

A takarda, Nijar ba ta rasa tanadi ba. Akwai dokar 2 ga Maris 1993 kan kare naƙasassu, ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, aka kuma yi sabuwar doka a Disamba 2019. An keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, kuma suna da tarayyar ƙungiyoyinsu ta ƙasa. Tunanin a kula da naƙasasshe a cikin garinsu, da hannun mutanen garinsu, maimakon a tara su a wata cibiya mai nisa, ya samo asali ne daga taron Alma-Ata na 1978, kuma a Abuja aka ƙaddamar da jagororinsa a 2010, waɗanda suka haɗa lafiya da ilimi da sana'a da zaman jama'a da ƙarfafa murya. Sai dai ƙungiyoyin zamani sun gaji rabon da sarautun gargajiya suka yi: makafi daban, kurame daban, masu naƙasar gaɓɓai daban. Mai raunin ƙwaƙwalwa in ya shanye ɓari guda yana da inda zai shiga. In bai shanye ba, sai ya tsaya tsakanin layin guragu da ɗakin mahaukata, ko'ina a ce masa ba nan ba ne. A Ingila ma haka abin yake har 1979, lokacin da iyalan masu raunin da wasu ma'aikatan kula da jin daɗin jama'a suka kafa ƙungiyar Headway. A Amurka iyaye ne suka kafa tasu a 1980. Duka biyun sun fara ne da zama ana faɗa wa juna abin da ke faruwa a gida. Wannan kuwa ba ya bukatar na'ura, kuma jahar da matanta suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da fako a aikin Keita tun daga 1984 ba za a koya mata haɗa kai ba. Abin da ya rage shi ne matar ƙauyen nan ta san cewa akwai irinta a Kalfu da Tamaske da unguwar Bilbis, kuma gidan rediyon karkara ko wasan kwaikwayo guda a Gidan Matasa da Al'adu na Albarka Cibau ya isa ya sanar da ita.

Maganar kaske kowa ya san ta, kowa kuma ya san abin da ke hana sa shi: zafin bazara, rawani da ɗankwali, kuɗin da ake ganin ya fi kyau a zuba mai da shi, da ƙyamar sa abin da kan wani ya yi wa gumi. Bincike ya nuna yana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, na raunin kai kuma da wajen kashi 70.

Sashen da ya shafi malaman makaranta kai tsaye shi ne na yara. Yaro ya faɗo daga amalanke ko daga bayan babur, ya yi sati biyu ba ya nan, ya dawo aji. Da shi ne na uku, yanzu ba ya riƙe abin da aka karanta jiya, rubutun allo yana sa masa ciwon kai, yana barci da hantsi, yana faɗa a filin wasa. A aji mai yara 70, sunan da ya fi saurin samu shi ne malalaci, maganinsa kuma bulala. Alhali abin da zai taimake shi ba ya cin ko dala: a maido shi bencin gaba nesa da taga, a ba shi umurni ɗaya-ɗaya, a rage masa kwafi, a bar shi ya huta, a haɗa shi da aboki mai tuna masa. In farfaɗiya ta biyo baya, wadda takan iya fitowa watanni ko shekaru bayan buguwar, mushe ne zai nuna wa aji cewa ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa: a kwantar da yaron bisa gefensa, a kawar da abin da zai buge shi, kada a sa masa kome a baki, in ta wuce minti 5 a nufi gidan likita. Maganinta, irin su fenobarbital, yana da arha, amma kullum ake sha, kuma yanke shi farat ɗaya yana da haɗari. Haka nan a ranar faɗuwar kanta, yaron da ya tashi ya ce lafiya lau, sa'an nan ya fara amai a kai a kai, ko barci ya rinjaye shi, ko ruwa ya fito masa ta kunne, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, ba a jira da shi gobe.

Kwamitocin kula da makarantu, waɗanda aka gwada sabon salonsu a jahar Tawa tun 2004 da taimakon Japan kafin a yaɗa shi ko'ina cikin ƙasa, suna zama da iyaye, suna tsara aikin shekara, suna ƙirga yaran da suka bar karatu. A rajistar waɗanda suka bari akan rubuta dalili: aure, bida, kiwo, rashin ƙoƙari. Kafin darakta ya rubuta na ƙarshen, yana iya aikawa a tambayi uwar yaron ko ya taɓa faɗuwa a kai, da kuma yaushe.